Sunan Kawu a Gindin Taswira

Farfesan da ya duba aikina na ƙarshe a jami'a, can Yamai, mutum ne mai sanyin murya, amma akwai abu guda da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kansa. In ka kai masa babi, ba rubutun yake fara karantawa ba. Sai ya yi ta buɗe shafuka har ya iske taswira, ko hoto, ko jadawali, ya ɗora yatsa a gindinsa. In ya ga wurin fayau, sai ya ɗago ya dube ka ta saman tabarau ya ce, “Wannan daga sama ta faɗo?” Shi ke nan, ka tattara takardunka ka koma.

Ƙa'idar ba wuya gare ta ba. Duk abin da ka nuna wa ido a cikin aikinka, dole ka rubuta ɗan layi a ƙarƙashinsa ka faɗi inda ka samo shi: wa ya zana, wa ya ɗauki hoton, wa ya tara alƙaluman, kuma yaushe. In ɗauko shi ka yi ka gyara, ka ce daga wurin wane ka ɗauko ka gyara. In naka ne, ka ce naka ne. Da Faransanci muke rubutu, layin nan kuwa kullum da kalma guda yake farawa, wato “Source”, mu muna cewa surs. Na rubuta ta har hannuna ya saba, ban taɓa tsayawa na dube ta da kyau ba.

'Yan ajinmu da yawa ƙorafi suke yi, wai tsohon ya cika takura. Ni kam dokar ta yi mini daɗi, don dama ina da wani haushi da na daɗe ina hadiyewa. In na shiga ɗakin karatu na buɗe tsofaffin taswirorin ƙasarmu ta Kurfai, sunan baƙon da ya ratsa sau ɗaya nake gani a ƙasa, ba na ganin na wanda ya ja masa gaba ya nuna masa rijiya. Kuma mu kanmu ɗalibai haka muke yi. Mutum ya je ƙauye ya zaunar da tsofaffi tun safe har rana ta take, ya sha furarsu, ya dawo ya rubuta “binciken fili”. Kalma biyu sun haɗiye gari guda. Na yi wa kaina alkawari ni ba zan yi haka ba.

A kan burtali da mashayar dabbobi na yi aikina, a ƙauyen su innata, arewa da Filinge, inda kwarin nan da ake kira dallol ya matse tsakanin duwatsu. Akwai wani wuri a gindin dutse da ruwa ke tsattsafowa. Ba wani ruwa ne na a-zo-a-gani ba. Da damina ba mai kula shi, tafkuna sun cika ko'ina. Amma in bazara ta kai wuya, rijiyoyi suka ja baya, shi yana nan yana tara abin da zai shayar da garke. Ba shi da wani suna, Ido kawai ake ce masa. Burtalin da shanu ke bi in sun gangaro daga wajen Sanam ta gefensa ya ratsa.

Mutum biyu ne suka fi kowa sanin wurin. Ɗaya Kawuna, yayan innata, manomin hatsi da gonarsa ta kusan taɓa Ido. Ɗayan kuma Baffa. Baffa Bafillace ne, ba jini ya haɗa mu ba, amma tun ina ƙarama haka muke kiransa. 'Yan shanun Kawu a garkensa suke, shi ke kiwonsu, kamar yadda ubansa ya yi kiwon na kakana. In aka cire amfanin gona, garken Baffa ke kwana a gonar Kawu, su ci kara su bar taki. Ba takarda, ba shaida. In ka iske su zaune kuwa sai ka rantse faɗa suke yi. Kawu ya ce Bafillace bai san komai ba sai wutsiyar saniya, Baffa ya ce Kaɗo in ya yi nisa da rumbunsa ɓata yake yi. Haka suka tsufa tare.

Da hantsi na same su a gindin gawo, da hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko na yankin. Hoton ya nuna dutse, ya nuna gonaki, amma bai nuna inda saniya ke sa ƙafa ba. Na ce su taimake ni. Kawu ya share ƙasa da gefen hannu ya fara ja da yatsa. Ga dutse, ga Ido, ga inda burtali ya karkata don ya kauce wa gonar wane. Baffa yana kishingiɗe kamar bai damu ba, can sai ya miƙo sanda ya taɓa wani wuri.

“Nan ba mu bi. Ƙaya ta yi yawa.”

“Kai dai raggo ne,” in ji Kawu, amma ya goge layin ya matsar da shi inda sandar ta nuna.

Suka yi ta yi, wannan ya ja, wannan ya gyara, har zanen ya tsaya. Wallahi ya yi kyau. Na ciro waya, amma ban danna ba sai da na nemi izini, don wannan ma farfesa ya koya mana.

“Ɗauki mana, ɗiyata,” in ji Kawu. “Ƙasa ce.”

“Zan sa sunanka a ƙarƙashi, Kawu, don a san kai ka zana.”

Ya kwashe da dariya. “Sunana cikin littahin Nasara? To, sa shi da manyan baƙaƙe, yadda makaho ma zai gani.”

Na juya wurin Baffa na ce nasa ma zan sa, tunda da sandarsa aka yi aikin. Ya girgiza kai.

“Ni kar ki rubuta ni. Sunana na wurin waɗanda sunka san ni, ya ishe ni.”

Na ɗan matsa masa, na ce haƙƙinsa ne. Ya ce ya ji, ya gode, amma a'a. Na bar shi, don wanda ya ce kada a sa sunansa ba a sa shi. Na ɗauki hoton, hannun Kawu ya fito a gefe da zoben azurfarsa. Ina mayar da waya cikin jaka, sai na ga ya shafe zanen gaba ɗaya da tafin hannu.

“Kai, Kawu! Don me ka goge?”

“Ai an gama magana,” ya ce, ya karkaɗe hannunsa.

Tun ina yarinya nake ganin haka. Duk wanda ya zana iyakar gona ko hanyar wani gari a ƙasa, in ya gama bayani sai ya share kafin ya tashi. Na ɗauka sabo ne kawai, kamar karkaɗe tabarma.

Na koma Yamai na sake zana taswirar tsaf a na'ura, na ɗora hoton zanen ƙasa kusa da ita a shafi guda. A sama na rubuta cewa wannan Ido ne da burtalinsa. A ƙasa na rubuta “Source”, sannan sunan Kawu cikakke, manomi, ƙauye kaza, shekara kaza. Da farfesa ya iso shafin ya ɗora yatsansa yadda ya saba, ya karanta, ya tambaye ni ko mutumin ya yarda. Na ce ya yarda. Ya ce madalla, haka ake yi. Ranar da na tsaya gaban malamai na kare aikin, har ɗayansu ya yaba da wannan layi. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura.

Na sa aka ɗinka kwafi guda da bango shuɗi na kai wa Kawu. Shi ajami yake karantawa, boko bai san ko alif ɗinsa ba, amma ya haddace shafin. Duk baƙon da ya zo sai an fito da littafin daga akwati, a nuna masa hannu da zobe, a nuna masa layin ƙasa. “Ga ni nan,” yake cewa. Har Baffa an nuna wa, ya duba ya ce yatsan ya fi mai shi kyau.

Na sami aikin koyarwa a wata lise, wato babbar sakandare, a Yamai, rayuwa ta ci gaba. Damina ta zo ta wuce, aka shiga wata bazarar. Sai wata rana innata ta kira ni, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

“Ki zo gida. Takardarki ta haɗa mutane.”

“Wace takarda, Inna?”

“Wadda kinka ba kawunki Ido a ciki.”

Na ce ban ba kowa Ido ba, ni wa ya ba ni shi balle in bayar? Ta ce ita dai abin da ake faɗi ke nan, in zo in ji da kunnena.

Na kama mota. Muka faɗa ranar kasuwar Baleyara, dabbobi sun cika hanya, direba na ta zage-zage, ni kuma ina ta juya maganar a raina ban gane kanta ba. Da na isa ƙauyen, kafin kowa ya ce mini komai na ga abin da ya tsinka mini zuciya. Shanun Kawu ne ɗaure a bayan gida, a tsakiyar bazara, suna kuka. Baffa ya koro su da kansa ya ɗaure, ya yi sallama ya juya. A wurinmu, in makiyayi ya dawo maka da shanun da ubansa ya riƙe wa ubanka, ba sai ya ƙara da baki ba. Ya kwashe garkensa kuma ya bar Ido, ya koma wata rijiya mai zurfi can gabas.

Abin da ya faru shi ne, babban ɗan Kawu, taubashina, ya dawo daga ci-rani da injin ban-ruwa. Ba mugu ba ne, kada in zalunce shi. Hatsin da ake samu ba ya kai su ko rabin shekara, ga 'ya'ya, ya ga mutane na yin garka, wato lambu, suna samun na cefane da zogale da albasa. Ya dubi Ido ya ga ruwa na kwance. Ya fara kafa itatuwan shinge, Fulani suka yi magana, shi kuma ya shiga ɗaki ya fito da littafina. Ya yi kolej a Filinge kafin ya bari, saboda haka a ƙauyen shi ne mai karanta wa mutane takardar likita da ta gwamnati. Abin da ya ce takarda ta ce, shi ke nan ta ce.

Na same shi a zaure. Tsakanina da shi wasa ne tun muna yara, ba ma gaisawa sai da tsiya, amma ranar ba wanda ya yi murmushi. Ya buɗe shafin ya tura mini.

“Karanta da kanki. Mi anka koya muna a lakwal? Surs, idon ruwa. Ga Ido a bisa, ga surs a ƙasa, ga sunan baba. Jami'a ta buga hatimi. Mi ya rage?”

Dariya ce ta fara kuɓuce mini. Da na ga fuskarsa, sai dariyar ta koma wuta.

“Amma dai kai an yi asarar alli! Da wannan Faransancin naka ne aka gaji da kai a kolej. Surs ɗin nan ba ruwa ba ne, tushen magana ne. Cewa na yi daga bakinsa na ji, da hannunsa aka zana.”

“To ke da ba a gaji da ke ba, ai ke kinka rubuta. Surs ba idon ruwa ba ne?”

Idon ruwa ne mana. Duk yaron da ya yi aji uku ya san haka, haka aka koya mana tare da kogi da tafki da rijiya. Kalmar fuska biyu gare ta, ni na daɗe ina kallon guda har na manta da ɗayar. A duk littafin nan, shafi ɗaya ne tak da fuskokin biyu za su iya haɗuwa, shi ne kuwa shafin da na fi alfahari da shi.

Maigari ya tara mutane bayan la'asar. Aka shimfiɗa mini tabarma daga gefe, ya ce ɗiyar wance ta yi bayani tunda ita ta rubuta. Na yi iya ƙoƙarina. Na ce a aikin jami'a ba a yarda ka nuna abu ba tare da ka faɗi wanda ya ba ka ba, kamar yadda mai kawo labari ke cewa wane ne ya gaya mini. Na buɗe wani shafi mai jadawalin ruwan sama na nuna musu kalmar nan dai a ƙasa, da sunan ofishin masu auna ruwa.

“To ku gaya mini, ruwan sama na ofishin nan ne? Su ke da hadari?”

Aka yi dariya. Taubashina ya ce wannan daban. Na ce ba wani daban, kalma guda ce, hannu guda ya rubuta. Wani tsoho da ke jingine da bango ya gyara murya.

“Yanzu su Nasara, inda ruwa ke hitowa da inda magana ke hitowa, kalma guda gare su?”

“Guda ce, Baba.”

“To Allah shi sawwaƙe.”

Taubashina bai saki ba. Ya ce in dai ba na babansa ba ne, me ya sa duk garin nan ba a rubuta sunan kowa ba sai nasa? Na ce don shi ya zana. Ya ce Baffa ma an ce yana wurin. Na ce Baffa ya hana a sa nasa. Na ga wasu sun dubi juna, na gane amsar ba ta gyara komai ba, don a kunnensu cewa na yi mai wuri ya sa suna, baƙo ya janye.

Maigari dai ya yanke magana yadda kowa ya san za a yanke. Ya ce Ido yadda aka gada haka za a bar shi, ba na kowa ba ne, a tuge itatuwan shinge kafin gobe, mai son garka a nemo masa wani wuri ya haƙa rijiyarsa. Aka shafa fatiha aka watse. Na tashi ina jin na ci nasara. Amma Baffa bai zo taron ba, shanun kuwa suna nan a bayan gida suna kuka.

Da muka koma gida Kawu ya kira ni, littafin na kan cinyarsa. Ya rame, ban lura ba sai lokacin. Ya ce shi bai taɓa cewa Ido nasa ne ba, ya hana yaron, yaron ya ce takarda ta fi baki. Abin da ya fi ƙona masa rai, Baffa ya ɗauka da saninsa aka yi, wai ya zaunar da shi a gindin gawo ya sa shi ya gyara zane da sandarsa, alhali ya shirya da ɗiyar ƙanwarsa a rubuta masa wurin.

“Ɗiyata, goge shi.”

“Kawu, ko na yage wannan shafin, akwai wani a ɗakin karatun jami'a. Akwai wurin malamaina. An sa shi a intanet ma, kowa na iya buɗewa.”

“To ina ake zuwa a goge su duka?”

Na ce babu. Sai ya ɗora tafin hannunsa a kan shafin ya shafa, daga dama zuwa hagu, daidai yadda ya yi a gindin gawo. Ya ɗaga hannun ya duba. Na kau da kai, don ban iya kallo ba.

Da sassafe na hau babur aka kai ni rijiyar da Baffa ya koma. Tun daga nesa na hango shanu sun yi cincirindo suna jira. Rijiyar zurfi gare ta, da sa ake jan guga, ya yi tafiya mai nisa da igiya kafin ruwa ya iso baki, a zuba a kwami, shanu su rufa masa, kafin ka ƙifta ido ya ƙare. Baffa da tsufansa yana bakin rijiya yana tarbar guga. Ga Ido can da ruwa a fili, ba mai hana shi, shi ya hana kansa.

Ya karɓe ni da mutunci. Ya sa aka kawo mini nono, ya tambayi innata, ya tambayi Yamai, bai tambayi Kawu ba. Na zauna na zayyana masa komai, kalmar da fuskokinta biyu, taron ƙofar maigari, itatuwan da aka tuge. Na rantse masa Kawu bai san komai ba, ni ma ban nufi komai ba sai girmamawa. Ya saurare ni har na gama, yana wasa da bakin sandarsa a ƙasa.

“Na ji, ɗiyata. Na kuma yarda. Kawunki bai da wayon da zai shirya wanga abu.”

Na yi dariya, na ji sanyi a raina. Na ce to sai ya dawo. Ya ɗago kai ya ce:

“Jiya ke kinka tashi kinka yi bayani, anka gane. To ranar da ba ki nan fa? Ranar da ba ni, ba kawunki, ba wanga maigari. Jikana da jikanshi su tsaya gaban alƙalin da bai taɓa ganin Ido ba, guda ya hiddo takarda da hatimi da sunan kakanshi, guda ya zo da sanda. Wa za ya tashi ya ce kalmar huska biyu gare ta?”

Na fara cewa ai duk alƙalin da ya yi karatu ya san ma'anar layin. Ban ƙarasa ba, don ni kaina na ji yadda maganar ta yi rauni. Taubashina ma ai ya yi karatu.

Guga ya iso, ya tashi ya tarba ya zuba, ya dawo ya zauna. Bai dube ni ba da ya yi maganar.

“Rubuta ni.”

“Baffa?”

“Ki sa sunana kusa da nashi. Da na ubana.” Ya ɗan tsaya. “Ubana ya rayu ya mutu ba takardar da ta san sunanshi, kuma bai taɓa rasa inda zai shayar ba.”

Na taɓa roƙon mutumin nan ya bari in sa sunansa don a girmama shi, ya ƙi. Yau ga shi yana roƙona, kansa a ƙasa kamar mai neman bashin hatsi. Na ciro alƙalami ya faɗa mini sunayen, na rubuta, na maimaita masa ya ce haka ne. Raina bai taɓa ɓaci da rubuta sunan mutum ba sai ranar.

Daga baya na fitar da wani ɓangare na aikin a wata mujallar bincike, da taswirar nan a ciki. Layin ƙasa ya zama kusan sakin layi. Na sa sunayensu su biyu da na iyayensu, na ce tare suka zana a ƙasa, na ce sunayen na nuna waɗanda suka ba da bayani ne, ba masu wurin ba, kuma Ido mashayar kowa ce. Na rubuta da Faransanci na sake rubutawa da Hausa. Masu mujallar suka ce ya yi tsawo, ba haka tsarinsu yake ba. Na ce ko a bar shi ko a cire taswirar, na kafe, har farfesana ya sa baki aka bari. Ɗakin karatun jami'a ma na kai musu shafin suka liƙa a cikin tsohon kwafin. Na intanet dai yana nan yadda yake.

Har gobe ina koya wa ɗalibaina dokar nan, kuma ina ɗora yatsa a gindin taswirarsu kamar yadda aka yi mini. Ban canza ra'ayi ba, ɗaukar zanen mutum ka haɗiye sunansa sata ce. Abin da na ƙara kawai, ina ce musu kafin su buga, su koma su karanta layin da ƙarfi a gaban mutanen wurin, su sa wani ɗan garin ya fassara, su ji abin da zai fito daga bakinsa. Wasu na rubutawa, wasu na kallon agogo.

Na kai sabon shafin ƙauye bayan an cire amfanin gona. Shanun Kawu sun koma garke, garken kuma na kwana a gonarsa. Taubashina ya haƙa rijiyarsa a wani gefe, zogalensa ya yi kyau, mun koma zagin juna kamar da. Na iske tsofaffin biyu a gindin gawon nan, Baffa na cewa hatsin bana ko tsuntsu ya raina shi, Kawu na cewa shanun Baffa ƙashi ne da fata. Na karanta musu layin da Hausa, suka sa na maimaita, kowa ya nemi a ɗora masa yatsa a kan sunansa. Baffa ya ce to, ya yi.

Muka sha fura, hira ta yi daɗi. Ina da wani sabon aiki a raina a kan hanyar da shanu ke bi zuwa Baleyara, sai na tambaye su ta ina ake ratsawa bayan an wuce dutse. Kawu ya gyara zama, ya share ƙasa da gefen hannu yadda ya saba, ya miƙa yatsa. Sai idonsa ya faɗa kan jakata, inda wayar take. Ya ɗan tsaya. Ya mayar da hannun kan gwiwarsa, ya ce in saurara da kyau, da baki zai gaya mini.